Za a sayi keken guragu 50 a raba: wane iri ya dace?

Hajiya Mai Ƙungiya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a wajen masana. Idan ƙungiya ta tara kuɗin da zai isa keken guragu kamar 50 don a raba kafin azumi, wane iri ya kamata a saya, kuma me ake dubawa kafin a biya? Dillalai sun fi kawo mai naɗewan nan mai sheƙi irin na asibiti, shi ne kuma ya fi araha. A cikin jerin sunayen akwai masu shan inna, akwai waɗanda hatsarin mota ya taɓa musu laka, akwai tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki, sai yara kaɗan.

Anti Fisiyo:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Don Allah kada a biya ko sisi tukuna. Rukuni huɗu kika lissafa, kuma babu keke ɗaya da zai yi musu su duka. Wancan na asibiti an ƙera shi ne don a tura majinyaci daga ɗaki zuwa ɗakin hoto a kan siminti mai santsi. Ba a yi shi don mutum ya wuni a kai ba, balle ya bi lungu mai yashi da kwata.

A fara da mutanen, keke ya biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da keke a 2008, ta sake fitar da wasu a 2023, inda ta tattara aikin zuwa matakai huɗu: a zaɓa tare da mai shi, a daidaita masa a jikinsa, a koya masa amfani da shi, sannan a riƙa bibiya. Rabon da ake yi a filin taro yakan tsallake duka huɗun.

Awon kansa ba wuya, tef ɗin tela ya isa. A zaunar da mutum a kan benci mai tauri, ba kujerar soso ba. A sa littafi mai kwali a kowane gefen ƙugunsa a auna tsakaninsu, faɗin mazaunin keke ke nan, kada a ƙara masa da yawa. Sai a auna daga bayan ɗuwawu zuwa bayan gwiwa a cire santimita 3 zuwa 5, zurfin mazauni ke nan. A auna ƙafa biyun, a ɗauki wadda ta fi gajarta. Sai daga bayan gwiwa zuwa diddige da takalminsa a ƙafa, don a san inda matakin ƙafa zai tsaya. Matakin ya bar ƙasa da aƙalla santimita 5, in ba haka ba kowane dutse sai ya ci karo da shi.

Baban Yara:
Anti, ban ƙi maganarki ba, amma mu duba halin da ake ciki. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum sama da biliyan 2.5 ne ke buƙatar wani abin taimako, tabarau ne ko keke ko na'urar ji, kuma kusan biliyan 1 ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 kacal ke samu. Mutumin da ke jan gindi a ƙasa da silifas a hannu, ko wane irin keke aka ba shi ai ya fi babu. Da hanau gara mannau. In aka tsaya awo da gwaji, kuɗin da zai ishi mutum 50 sai ya tsaya a 30.

Anti Fisiyo:
Malam, ga mai shan inna maganarka tana da hanya, domin shi yana jin jikinsa. In zama ya dame shi zai gyara, in ƙarfe ya soke shi zai sani. Mai ciwon laka ba ya ji daga inda ciwon ya tsaya zuwa ƙasa. Ka ɗora shi a kan ledar nan ta keken asibiti ba kushin, nauyinsa duka zai sauka a kan ƙasusuwa biyu na zama, jini ya daina kai wa fatar wurin, naman ciki ya fara mutuwa kafin a ga komai a waje. Gyambon zama ke nan. Kwana kaɗan yake buɗewa, watanni yake ɗauka bai rufe ba, in ya kai ƙashi ko ƙwayar cuta ta shiga jini yana kisa. A ƙasashe irin namu shi da ciwon mafitsara suna cikin manyan abubuwan da ke ɗaukar masu ciwon laka. Ga irin wannan mutum keke mara kushin cutarwa ne, ba mannau ba.

Mai Walda:
Ni ta ɓangaren ƙarfe zan yi magana, ranku ya daɗe. Keken asibiti wurare huɗu yake mutuwa, kusan a jere.

Farko ƙananan tayoyin gaba. Sirara ne, robar daskararriya, suna shiga yashi kamar wuƙa, mai keke ya tsaya cak ko ya kifa ta gaba. Ƙura da gashi da zare suna naɗewa a boris ɗinsu, ya cije, sai cokalin da ke riƙe da tayar ya lanƙwashe. Na biyu ledar mazauni, tana saki ta lotsa a tsakiya, gwiwoyi su haɗe, ƙugu ya karkace. Na uku matakin ƙafa na roba ko na gorar ruwa, in ya karye ba ya karɓar walda. Na huɗu gicciyen da ke ƙasa wanda ake naɗe keken da shi, ramin notinsa yana faɗaɗa, keken ya riƙa rawa.

Sai maganar taya, wadda ita ce mutane ba su sani ba sai sun je kasuwa. Tayar baya ta keken asibiti ana rubuta mata 24, ta keken yara ma ana rubuta mata 24, amma ba sa hawa gargare ɗaya. A duba lambar da ke jikin tayar: ta asibiti 540 ce, ta keken hawa 507. In keken 540 ne, mai faci na bakin titi ba shi da ita. Shi ya sa in ana da zaɓi a ɗauki keken da tayarsa ta baya irin ta keken hawa ce, musamman 26 mai lamba 559, ko a ƙauye za a samu tayar da tub ɗinta. Boris kuma a tambayi lambarsa. In 6201 ne ko 6202, duk mai sayar da kayan babur yana da shi. In wata lamba ce da ba a sani ba, ranar da ya lalace keken ya zama na jingine a bayan ɗaki.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ne Malam Mai Walda. A nan ɓangarenmu yashi ya fi na Kano ma, ƙaramar taya ba ta tafiya ko taku goma. Akwai kekunan da aka ƙera musamman saboda irin ƙasarmu. RoughRider na ƙungiyar Whirlwind da ke Amurka yana da tayoyin gaba masu faɗi da tazara mai tsawo tsakanin gaba da baya, ba ya saurin kifewa. Ƙungiyar Motivation ta Ingila kuma tana da mai taya uku, babbar taya ɗaya can gaba a kan dogon ƙarfe, yana haye rami da tudu. Illarsa tsawo, a ƙaramin ɗaki juyawa sai da dabara, kuma sa shi a bayan mota aiki ne.

Mai Walda:
To ai ga namu na gida mai feda a hannu. Masu shan inna da kansu suke ƙera shi a Kano, a Jos ma ana yi da yawa. Kayan keken hawa ne daga kaca har firiwil har birki, ko ina aka je akwai mai gyara. Ni a ganina Hajiya ta ba da aikin 50 ɗin a gida, kuɗin ya zauna a hannun mutanenmu.

Anti Fisiyo:
Ga mai shan inna wanda bayansa da hannayensa suke da ƙarfi, kuma tafiyarsa mai nisa ce, makaranta ko kasuwa, babu kamarsa, na yarda. Amma ba ya shiga ɗaki, ba ya shiga banɗaki, ba ya matsawa jikin tebur a aji. Mazauninsa katako ne. Mai ciwon laka da ba ya iya riƙe gangar jikinsa zai zame a kai, kuma hawa da sauka kaɗai ya isa ya goge masa fata. Tsoho mai shanyewar ɓarin jiki kuma hannu ɗaya gare shi. Shi abin da yake so keke ne mai mazauni ƙasa-ƙasa, yadda ƙafarsa mai lafiya za ta taka ƙasa, ya tura da hannu ɗaya ya saita hanya da ƙafa. A cire masa matakin ƙafa na wannan gefen.

Mai Walda:
Na karɓi gyara, Anti. To ga masu shan innar, in za a ba da aiki ga abin da za a ce wa maƙeri. Bututun ƙarfen ya zama mai kauri, ba irin na gadon yara ba, kuma a duba walda a wuyan keken inda ƙarfen gaba ya haɗu da jiki, nan yake fara tsagewa. Hannun feda ya tsaya daidai ƙirjin mai shi, yadda in ya tura zuwa ƙarshe gwiwar hannunsa ba za ta miƙe sarai ba. Faranti mai haƙora na sama kada ya yi girma, in ya yi girma keken zai yi gudu a kwalta amma ya gagari tuƙi a tudu. A rufe kaca da murfi saboda hannun riga da mayafi. Birki ya zama yana da abin maƙalewa, don keken ya tsaya cik lokacin hawa da sauka. Kuma kada a kai mazauni can baya sosai, domin tayar gaba ce ke ja, in babu nauyi a kanta sai ta yi ta juyawa a yashi a banza.

Hajiya Mai Ƙungiya:
Allah ya ƙara basira. Anti, kushin ɗin da kike magana, saya ake yi ko ana iya haɗawa a gida? Wani ya ce a sayi zagayayyen nan mai rami a tsakiya da ake hurawa.

Anti Fisiyo:
Wannan zagayayyen a bar shi, Hajiya. Yana matse naman da ke kewaye da ramin ya hana jini shiga, ya ƙara ɓata wurin. Filon ɗaki ma ba ya yi, yana lotsewa cikin minti kaɗan.

Ana haɗawa a gida, mai ɗinkin kujeru zai iya in an tsaya a kansa. Hawa biyu ne. Na ƙasa soso mai tauri, irin wanda ake matse gutsattsari a manne, kauri kamar santimita 5. A bayansa, daidai inda ƙasusuwan zama za su sauka, a fafe rami mai zurfin santimita 3 zuwa 4, a daddatse gefen ya zama gangare, kada a bar kaifi. Gaban ramin ya wuce ƙasusuwan da kamar yatsa biyu. Amfanin ramin shi ne nauyi ya tashi daga kan ƙashi ya koma ƙarƙashin cinyoyi inda akwai nama. A sama a shimfiɗa soso mai laushi mai kyau, shi ma kamar santimita 5, ya bi ramin ya kwanta. Rigar kushin ta zama yadi mai miƙewa kuma sakwa-sakwa, in ta ɗame ta kashe amfanin ramin. Ga wanda fitsari ke zubo masa a sa siririyar leda daga ciki, a ɗinka riga biyu don wanki. In mazaunin keken leda ne, a yanka filawud daidai faɗinsa a sa a ƙarƙashin kushin.

Gwajinsa da hannu ake yi, mace ta gwada mace, namiji ya gwada namiji, bayan an nemi izini. Mai keke ya ɗaga kaɗan, ka zura hannu tafin yana sama, yatsu a ƙarƙashin ƙashin zama, ya zauna daidai. In yatsunka suna iya motsi sama da ƙasa, lafiya lau. In ba sa motsi amma suna zamewa su fito da sauƙi, a sa ido, a ƙara gyara. In ya danne su sai da ƙyar ka zare, kushin bai yi ba, kada ya tafi da shi. A maimaita gwajin bayan 'yan watanni, soso yana gajiya da zafi da gumi.

Sannan a koya masa ɗauke nauyi. Kowane minti 15 zuwa 30 ya sunkuya gaba ƙirji kan cinya, ko ya karkata gefe ɗaya sannan ɗaya, ya daɗe kamar minti 2 kafin ya koma. Safe da dare a duba fatar da madubi. Littattafan Turawa suna cewa a nemi ja, mu a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko yake sheƙi, ko ya yi tauri, ko ya fi sauran jiki ɗumi. In an sauka daga kai rabin awa bai koma daidai ba, a daina zama a kan wurin gaba ɗaya, a kwanta rub da ciki ko a gefe, a nemi ma'aikacin lafiya. Kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi, wanda ba ya ji ƙonewa zai yi bai sani ba.

Malam Na Makaranta:
A gafarce ni in ɗan karkata. Irin wannan matsalar ce a na'urar ji. A raba wa yara kurame ba a auna jinsu ba, ba a yi musu abin kunne daidai kunnensu ba, sai ta yi ta ƙara, yaro ya cire. Batirinta kuma da zarar an ɓare takardar da ke bayansa iska ta shiga ya fara ci, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, in ana amfani da shi kullum mako ɗaya zuwa biyu ya ƙare. Mai lamba 13 da mai lamba 675 ba a kowane gari ake samunsu ba.

Shugaban Zaure:
Malam, wannan babbar magana ce, a buɗe mata nata wurin daban don kada ta nutse a nan. Mu ƙarasa wa Hajiya tata. Ba a taɓo yaran ba.

Anti Fisiyo:
Yaran su ne suka fi ba ni tsoro. Abin da aka fi kawowa mai faɗin inci 18 ne, wajen santimita 46, na babban mutum. Ka sa yaro ɗan shekara bakwai a ciki, ƙafarsa tana lilo, hannunsa bai kai taya ba, ya kwanta gefe ɗaya ya wuni a haka. Ƙashin bayansa yana girma ne a yadda aka ajiye shi, bayan shekara biyu ya kafe a karkace.

Kuma a rarrabe. Yaron da ke iya zama da kansa ba riƙo, ƙaramin keke daidai jikinsa ya ishe shi, a sake awo duk wata shida. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu wajen haihuwa, ko bayan shawara mai tsanani ko sanƙarau, wanda wuyansa ba ya tsayawa ko jikinsa ke sanƙarewa, shi sai kujera mai tallafin ƙugu da gefe da kai, da ɗamara a ƙugu, ba a ciki ko ƙirji kaɗai ba, don kada ya zame ta shaƙe shi. Wannan ba aikin ƙungiya ba ne ita kaɗai. A kai su sashen gashi, wato fisiyo, na babban asibiti, ko asibitin ƙashi na Dala ga na kusa da Kano, a biya musu kuɗin mota daga cikin kuɗin.

Baban Yara:
To na sauko daga kan 50, amma ina da sauran magana. An ba shi keken da ya dace, ya fito daga gida, ina zai shiga? Najeriya ta sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci a Janairun 2019, aka ba gine-ginen gwamnati da na jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. A zagaya a ƙirga masallatai da bankuna da makarantu nawa keke ke shiga. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa tun 2008, Najeriya a 2010. Takarda ba ta rasa ba.

Ɗan Maraɗi:
Har inda aka yi gangaren ma sau da yawa ba ya hawuwa, birkila ya zuba siminti a kan matakala kawai ya shafe. Ƙa'idar ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi 12 na tsawo. Matakala ɗaya mai santimita 15 tana son gangare mai santimita 180. In uku ne, mita 5 da santimita 40. A sama a bar fili shimfiɗaɗɗe inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa, a gefe a ɗan tayar da baki don taya kada ta zame, kuma a ja tsintsiya a kan simintin tun yana ɗanye ya yi kaushi. Tayil mai santsi a kan gangare haɗari ne ranar ruwa.

Amma kafin banki a fara da gidan mai keken. Wanda zai je awo ya auna ƙofar ɗaki da ta banɗaki. Keke yakan fi mazauninsa faɗi da kamar santimita 20, wato mai 46 zai kai 65 ko 66, ga hannaye a gefe. Ƙofar banɗaki a gidajenmu da yawa ba ta kai haka ba. A duba dokin ƙofa a zaure, a duba kwatar da ke bakin gida. Buhun siminti ɗaya da falanki biyu sukan warware abin da zai hana a yi amfani da keken gaba ɗaya. Masai na tsuguno kuma a haɗa masa kujerar ƙarfe mai rami da abin dafawa, Malam Mai Walda zai yi ta a wuni guda.

Hajiya Mai Ƙungiya:
To yanzu in na fahimta, a fasa taron rabo ke nan? Masu ba da kuɗi suna son su ga abin da aka yi da dukiyarsu.

Anti Fisiyo:
Ba sai an fasa ba, a sauya tsarinsa. A ware kwana biyu ko uku na awo tun da wuri, da likitan gashi ko wanda ya samu horon bayar da keke, kowane mutum da takardarsa: abin da ya same shi, yana ji ko ba ya ji, ya taɓa yin gyambo, ina yake zuwa kullum, wa ke taimaka masa. Daga takardun za a san nawa ne mai feda, nawa ne na turawa, girma nawa. Sai a yi oda. Wanda aka samu da buɗaɗɗen gyambo magani za a fara yi masa, keke ya jira.

Ranar bayarwa kowa a ba shi kamar awa guda. A saita matakin ƙafa yadda cinya za ta kwanta a kushin gaba ɗaya. In tayar baya tana matsawa, a sa ta inda in ya saki hannunsa ƙasa yatsunsa za su taɓa tsakiyarta. Wanda aka yanke wa ƙafa biyu shi a mayar masa da ita baya, domin ba nauyi a gaba, keken zai kifa da shi ta baya. A koya masa sa birki kafin ya tashi, komawa gado da tabarma, ɗaga tayoyin gaba don haye dokin ƙofa. A koya wa mai tura shi yadda ake hawa da sauka a matakala. Masu koyarwar da suka fi kowa su ne waɗanda suka daɗe a kan keke, a gayyato biyu, mace da namiji, a biya su. Masu ba da kuɗi su zo su ga wannan, a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi hoto.

Mai Walda:
Kuma kada a kashe kuɗin duka ranar saye, Hajiya. A ganina a ajiye kashi ɗaya cikin huɗu na gyara da sabon kushin. Kowane keke a haɗa masa famfo, da sifana daidai notinsa, da kayan faci, da boris biyu a leda. Duk mako a duba iska, domin taya in ta yi laushi birki ba ya kamawa, tun da jikin tayar yake dannewa. Duk wata a kwance tayoyin gaba a cire gashi da zaren da suka naɗe, a bi notuna a ɗaure, a taɓa wayoyin gargare a ji ko akwai wadda ta saki. Da rani kada a cika wa kaca mai, ƙura yake kamawa ya zama kamar yashi a ciki, ɗigo kaɗan a goge da tsumma. Kada a bar keke a rana ko a ruwa. A yi magana da mai gyaran keke ɗaya a kowace unguwa, a rubuta lambarsa a takardar da za a ba mai keken, bayan mako shida kuma wani ya zagaya gida-gida ya ga wanne ake hawa, wanne aka jingine, da dalili.

Hajiya Mai Ƙungiya:
Na rubuta duka. Za a fara da awo in sha Allahu. Anti, ko za ki sa mana a nan jerin tambayoyin da za a sa a takardar, da zanen ramin kushin da awonsa, don a kai wa mai ɗinkin kujeru ya gwada guda ɗaya a gani kafin a yi sauran?

Anti Fisiyo:
Zan sa bayan isha'i in Allah ya yarda. Ki ce masa ya zo da soso kala biyu ko uku a matsa a gani. Wanda aka matsa da hannu ya daɗe bai taso ba, kada a saya.